Ruwan Jakara da ƙananan hukumomin Kano: yarjejeniya, ƙungiya ko hukumar jiha?

Duk wanda ya taɓa tsayawa da rani a kan gadar Jakara da ke hanyar filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya leƙa ƙasa, ya san kamannin ruwan: baƙi ƙirin, yana tafiya da nauyi, ledoji da robobi suna bin sa, warinsa kuwa yakan tari mutum tun kafin ya iso gadar. Wata safiya na tsaya a wurin ina kallon wani mai lambu da ya jefa mesar injinsa cikin wannan ruwa yana shayar da latas da alayyahu. Ganyen ya yi shar, domin abin da muke kira ƙazanta taki ne a wurin shuka. Kafin azahar an yanke latas ɗin an kai kasuwa, da magariba kuma yana kan faranti a cikin gidajen da ruwan ya fito daga kwatocinsu.

Rafin ya taso ne daga cikin birni, kuma tsohon tarihin Kano yana kiran kurmin da ya kewaye shi Kurmin Baƙin Ruwa, ko da yake baƙin wancan zamani ba na kwata da masana'anta ba ne. A yau yana kwasar ruwan wanka da wanke-wanke na unguwannin Dala da ƙaramar hukumar Birni da Fagge, ya haɗa da jini da ƙazantar tumbi daga mahauta, ya ƙara da na Sabon Gari, sannan rafin Getsi ya kawo masa abin da masana'antun Bompai suka zubar, kafin ya fita bayan gari ya taru a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. Masuncin da ke jefa koma a Wasai bai zaɓi ko ɗaya daga cikin shugabannin da ƙazantar ta fito daga yankunansu ba, shugaban da ya zaɓa kuma ba shi da ikon tsawata wa kowa a Fagge ko Bompai. A kudancin gari ma zancen ɗaya ne, sai dai ya fi tayar da hankali, saboda masana'antun Sharaɗa da na Chalawa, har da na jimar fata, suna malalar da ruwansu zuwa ɓangaren kogin Chalawa, wato ɓangaren da birni yake ɗibar ruwan shansa a matatun Chalawa da Tamburawa.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanan ruwa da kula da su, da samar da banɗakunan jama'a, da kawar da ruwan ƙazanta da shara. Shekara da shekaru wannan magana a takarda ta tsaya, tunda kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma wanda kuɗi yake hannunsa shi ke yanke shawara. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe zancen, duk da tafiyar hawainiyar da aiwatar da shi yake yi. Idan kuɗin ya iso, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, tare da maƙwabtansu da ke ƙasan rafi, dole su zaɓi yadda za su haɗa kai, domin babu ɗayarsu da za ta iya tsabtace ruwan da yake shigowa yankinta daga wajen wata ya kuma fice zuwa wajen wata. Akwai hanyoyi uku da aka gwada a wasu ƙasashe na tsawon lokacin da ya isa a ga amfaninsu da aibinsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce yarjejeniya: ɗaya ta mallaki matata, sauran su turo ruwansu su biya. Haka ake yi a Washington, babban birnin Amurka, inda matatar Blue Plains da ke gefen kogin Potomac take karɓar ruwan ƙazantar birnin da na gundumomin Montgomery da Prince George's a jihar Maryland, da na Fairfax a jihar Virginia. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1985 an raba ƙarfin matatar, galan miliyan 370 a rana, wato kusan lita biliyan 1.4, kowa ya san kasonsa: gundumomin Maryland biyu sun sami kusan miliyan 170, Fairfax ta sami miliyan 31. Kuɗin gini da faɗaɗawa ana raba shi gwargwadon kason da kowa ya kama, kuɗin gudanarwa na yau da kullum kuma gwargwadon ruwan da mita ta auna cewa ya turo. Lissafi ne da ko ɗan tireda zai gane, kuma ba ya buƙatar a kafa wani sabon ofishi mai tarin ma'aikata da motoci.

Raunin tsarin ya fito fili a shekarun 1990, lokacin da baitulmalin birnin Washington ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Kuɗin da aka tara da sunan ruwa ya riƙa sulalewa zuwa toshe wasu ɓarakokin kasafin birni, gyaran matatar ya ja baya, maƙwabtan da suke biyan nasu kason kuma ba su da kujerar da za su zauna su ce a'a. Sai a 1996 aka cire harkar daga hannun ofisoshin birnin aka ba wata hukuma mai asusunta daban, mai majalisar gudanarwa ta mutum 11, shida daga Washington, biyar daga gundumomin maƙwabta. A 2012 aka sabunta yarjejeniyar da wa'adin shekara 99. Ke nan yarjejeniyar ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da aka killace kuɗin aka kuma ba masu biya bakin magana.

Idan aka ɗauko wannan tsari aka aza shi a kan Kano, matsala ta farko ita ce babu wata ƙaramar hukuma da ke da matatar da za ta sayar wa sauran gurbi a ciki. Ta biyu ita ce mita tana aiki ne a bakin bututu, alhali yawancin gidajen Kano masai ne da sokawe, ruwan wanka kuma yana fita ta kwata ya shiga lambatu ya gangara rafi ba tare da wanda ya auna shi ba. Ta uku, yarjejeniya tsakanin hukuma da hukuma ba ta ɗaure mai masana'anta ko mahauta, waɗanda ƙazantarsu ta fi ta gidaje dafi. Ga kuma gajeren wa'adin shugabannin ƙananan hukumomin Kano, wanda ke nufin kafin a gama gina tafkin tace ruwa guda ɗaya, wanda ya sa hannu ya sauka, magajinsa kuma yana iya cewa bai san zancen ba.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da yarjejeniya za ta yi aiki ko gobe, shi ne kwasar masai. Na taɓa bin bayan wata motar kwasa da daddare a wata hanyar bayan gari, na ga ta ratse ta ja da baya zuwa bakin wani kwari, yaron mota ya sauka ya kwance bakin bututu ya koma gefe ya toshe hanci. Ban ga laifin direban sosai ba, domin wanda ba a nuna masa inda zai zubar ba zai zubar a inda duhu ya rufa masa asiri. Mota abu ce da ake iya ƙirgawa. Ƙaramar hukumar da ke da fili ta ware wurin shanya kashin masai a mayar da shi taki, waɗanda ba su da fili su biya a kan kowace mota, a rubuta a takarda ɗaya. Wannan ba ya jiran sabuwar doka.

Hanya ta biyu ita ce ƙungiyar da doka ta kafa, wadda duk mai zuba ƙazanta a rafi dole ya zama mamba. Wani tsohon misalinta yana yankin Ruhr na Jamus, kuma labarinsa ya yi kama da na Jakara har abin yana ba da mamaki. Emscher ɗan ƙaramin kogi ne mai tsawon kilomita 80 da 'yan kai, wanda ya taso kusa da Dortmund ya ratsa tsakiyar garuruwan kwal da ƙarfe ya faɗa kogin Rhine. A ƙarshen ƙarni na 19 garuruwan suka cika da ma'aikata, kowane gari da kowace ma'adina suna juye ƙazantarsu a cikinsa. Haƙar kwal kuma ta sa ƙasa tana lotsawa, sai ruwan ya daina gangarawa ya kwanta a unguwanni, zazzaɓin taifot da cututtukan ciki suka yi ta ɗibar mutane. Kowane gari ya yi ƙoƙarin yashe nasa ɓangaren, abin da hakan ya haifar kawai shi ne ƙazantar ta isa garin gaba da sauri, ƙararraki kuma suka yi yawa a kotu.

A watan Disamba na 1899 garuruwan da masu ma'adinai da masu masana'antu suka kafa ƙungiyar da ake kira Emschergenossenschaft, a 1904 kuma gwamnatin Prussia, wadda yankin yake ƙarƙashinta a lokacin, ta yi mata doka. Abubuwa uku ne ginshiƙinta. Iyakarta tana bin inda ruwa yake gangarowa cikin kogin, faɗin kusan murabba'in kilomita 865, ba ruwanta da inda iyakar wannan gari ta tsaya ta wancan ta fara. Zama mamba tilas ne, don haka babu mai masana'antar da zai ce shi bai shiga ba alhali bututunsa yana zuba. Kuɗin da kowa yake biya a shekara kuma ana ƙiyasta shi gwargwadon ɓarnar da yake jawowa da amfanin da yake samu, yadda wanda ya lotsar da ƙasa shi ke ɗaukar nauyin famfunan da ke janye ruwan da ya kwanta, wanda ya fi zuba dagwalo ya fi biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mambobin ne suke zaɓen shugabanni suke amincewa da kasafi, gwamnatin jiha tana sa ido ne kawai a kan bin doka. Tsarin ya karɓu har aka kafa irinsa ga kogin Ruhr a 1913 da kogin Lippe a 1926, aka ware Ruhr domin ruwan sha aka bar wa Emscher ɗaukar ƙazanta, kamar dai yadda Kano take sha daga kudu tana zubarwa a arewa, sai dai mu mun kafa majemu a ɓangaren da muke sha.

Maganin da ƙungiyar ta fara kawowa shi ne wanda Kanawa suka sani da idonsu. Tunda bututun ƙarƙashin ƙasa zai karye duk lokacin da ƙasa ta lotsa, sai aka miƙar da kogin da rassansa aka dabe su da kankare, suka zama manyan kwatoci a buɗe. Ambaliya ta ragu, cututtuka suka ja baya, amma kogin ya mutu murus, mutanen yankin suka yi kusan ƙarni guda suna zaune da wari. Mu ma a wa'adin mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aka fara aikin dabe Jakara da kankare da shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju. Aikin yana da amfani ga mazauna gefen rafi, amma kankare ba ya tace komai, abin da yake yi shi ne isar da ruwan ga na ƙasa cikin hanzari. Jamusawa ba su fara warware nasu ba sai a 1992, bayan haƙar kwal ta ƙaura ƙasa ta daina motsi. Sun haƙa babban bututu mai tsawon kilomita 51 daga Dortmund zuwa Dinslaken, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 40, da manyan tashoshin famfo a Gelsenkirchen da Bottrop da Oberhausen, sai a ƙarshen 2021 aka daina zuba ruwan ƙazanta a cikin Emscher. Aikin ya ci kusan Yuro biliyan 5.5 a cikin shekara 30.

Abin lura a nan shi ne ƙungiyar ta rayu ta ga faɗuwar sarauta a Jamus, da yaƙin duniya biyu, da mutuwar kwal ɗin da ya haife ta, tunda ma'adina ta ƙarshe a yankin an rufe ta a Bottrop a Disamba na 2018. Aikin shekara 30 ba ya yiwuwa a hannun wanda kasafinsa yake sauyawa da kowane zaɓe. Amma tana da aibi babba da bai kamata a rufe ido a kansa ba: yawan ƙuri'ar mamba yana bin yawan kuɗin da yake biya. Saboda haka manyan masu gurɓata ruwa su ne masu babbar murya, talakan da ke shaƙar warin kuwa ba ya magana sai ta bakin garinsa. Lotsawar ƙasa uzuri ne na gaskiya, amma ina ganin da mazauna gefen kwatocin suna da ƙuri'a daidai da ta masu ma'adinai, da ba a kai 1992 ba a fara neman wata dabara. Idan aka kwafo wannan ƙa'ida yadda take aka kawo Kano, Bompai da Fagge za su cika zauren, Minjibir da ƙazantar take ƙarewa a kanta ta koma 'yar kallo.

Hanya ta uku ita ce jiha ta kafa hukuma guda ta karɓe aikin gaba ɗaya, kuma ita ce za ta fi saurin zuwa zuciyar ɗan Najeriya, domin da ita muka saba. Birnin Boston na Amurka ya bi ta, sai dai ba da son ransa ba. Tun da daɗewa wani ofishin jihar Massachusetts ne yake tattara ruwan ƙazantar garuruwan yankin, amma kuɗinsa sai abin da majalisar dokoki ta ga dama ta ba shi, kuma babu ɗan majalisar da ke cin zaɓe da gyaran famfon masai. Matatun suka tsufa, ƙazanta tana kwarara cikin mashigin teku. A 1982 lauyan garin Quincy da ke maƙwabtaka da Boston, William Golden, yana gudun motsa jiki a bakin teku ya taka kashin mutane, garin ya shigar da ƙara. Matsin kotu ne ya sa majalisa ta kafa sabuwar hukumar albarkatun ruwa a ƙarshen 1984, daga 1985 kuma wani alƙalin kotun tarayya, David Mazzone, ya riƙa sa wa aikin wa'adi yana bibiya shekara da shekaru.

An ba sabuwar hukumar ikon ciyo bashi da sunanta da yanka wa garuruwa kuɗin da za su biya, su kuma garuruwan su karɓa daga gidaje. Tana hidima ga garuruwa 61, daga ciki 43 a harkar ruwan ƙazanta. Ta daina zuba dagwalon matata a teku a Disamba na 1991, ta gina sabuwar matata a tsibirin Deer, a shekarar 2000 kuma ta buɗe bututun da ke kai tataccen ruwa kusan kilomita 15 cikin teku. An kashe dala biliyan 3.8, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka yi ta zanga-zanga, amma an gama cikin shekara 15 da 'yan kai, rabin lokacin da Emscher ta ɗauka. Yadda aka raba kujerun majalisar gudanarwarta ya cancanci a tsaya a kansa. Cikin mutum 11, gwamna yana da uku kacal, magajin garin Boston uku, taron sauran garuruwa uku, sannan Quincy da Winthrop kowanne ɗaya, saboda su ne garuruwan da gine-ginen aikin suke ƙofarsu. An ba su kujera ne domin abin da suke jurewa, ba domin abin da suke biya ba.

To, wacce ce ta dace da Jakara?

A fuskar sauri da samun manyan kuɗi, hukumar jiha ce kan gaba, domin masu ba da rance na ƙasashen waje da jiha suke magana, kuma jiha ce ke riƙe da filaye a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978. Amma abin da ya sa ta Boston ta yi aiki shi ne asusun da majalisa ba ta iya taɓawa, da alƙalin da ba ya gajiya, da gwamnan da kujerunsa uku ne cikin 11. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne tsohon ofishin da ya bar mashigin ya ruɓe. A wurinmu, hukumar da gwamna yake naɗa dukkan shugabanninta, wadda za a riƙa cire mata kuɗi daga kason ƙananan hukumomi, asusun haɗin gwiwa ne ya sake riga ya dawo, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shugabannin ƙananan hukumomi za su biya ba tare da sun ga lissafi ba, idan gwamnati ta sauya kuma aikin yana iya tsayawa cak.

A fuskar sauƙin farawa yarjejeniya ce ta yi nasara, amma na riga na nuna iyakarta: tana iya ɗaukar motocin kwasa, ba ta iya ɗaukar rafi. Mun ma taɓa ganin haɗin kai na ganin dama a matakin da ya fi wannan girma, lokacin da jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu a 2006 suka kafa asusu domin kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Irin wannan haɗuwa tana da daraja wajen sa mutane su zauna a tabarma ɗaya, sai dai ƙarfinta bai wuce ƙarfin niyyar waɗanda ke kan kujera a lokacin ba.

Ni dai ƙungiya irin ta Emscher nake ganin ta fi dacewa, saboda ita kaɗai ce take jawo masana'antu da mahauta da manyan kasuwanni cikin zaure a matsayin masu biya, ita kaɗai ce kuma iyakarta take bin ruwa. Wannan batu na iyaka yana da muhimmanci a Kano fiye da yadda ake zato, tunda birnin yana kan tudun da ya raba ruwa biyu. Kumbotso ba ta da abin da ya haɗa ta da Wasai, kamar yadda Minjibir ba ta da abin da ya haɗa ta da majemun Chalawa. Maimakon a tara kowa a ƙungiya ɗaya a yi ta jayayya kan inda za a fara, ya fi kyau a yi biyu, ɗaya ta Jakara da Getsi, ɗaya ta ɓangaren Chalawa wadda za ta haɗa da Dawakin Kudu inda matatar Tamburawa take. Ƙaramar hukumar da ƙasarta take gangarawa ɓangare biyu sai ta shiga duka biyun.

Zaɓen ƙungiya ba ya nufin juya wa jiha baya. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin dokar da ta shafi tsari da kuɗi da ayyukan ƙananan hukumomi, kuma ba tare da doka ba babu mai tilasta wa ɗan kasuwa ya zama mamba, kamar yadda garuruwan Ruhr ma sai da suka jira dokar 1904. Abin da za a kiyaye shi ne abin da dokar za ta ƙunsa. Daga Washington a ɗauki killace asusu, yadda kuɗin ƙungiya ba zai taɓa biyan albashin wani ofishi ba, kason kowace ƙaramar hukuma kuma a cire shi kai tsaye daga kuɗinta na wata bisa izinin da majalisar kansilolinta ta bayar, ba a bar shi ga tunawar ma'aji ba. Daga Boston a ɗauki kujerar mai jurewa, wato Ungogo da Minjibir su sami gurbin da ba ya dogara da yawan abin da suke biya, a kuma ba kowane mamba damar kai ƙungiyar kotu idan ta saɓa wa wa'adin da ta ɗauka. Wa'adin injiniyoyin da ke gudanar da ita kuma ya zarce na 'yan siyasar da suka naɗa su.

Kada alkaluman Yuro da dala su karya gwiwar kowa, domin babu mai cewa Kano ta haƙa bututun kilomita 51. Zafin ranar da muke kuka da shi dukiya ce a wannan fanni. Jerin tafkuna marasa zurfi, inda ruwa yake kwana 'yan makonni yana wucewa daga wannan zuwa wancan, dagwalo ya kwanta a na farko, rana da gansakuka su kashe ƙwayoyin cuta a na gaba, suna iya kai ruwan gidaje matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a 1989 domin ban ruwan ganyen da ake ci ɗanye, wanda ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a kowace lita. Ba sa bukatar wutar lantarki sosai, abin da suke ci shi ne fili, filin kuma yana wajen waɗanda ke ƙasan rafi, wanda hakan ya ba su abin ciniki a teburin shawara. Abin da tafki ba ya iya yi shi ne cire sinadarin kuromiyam na jima da sauran ƙarafan masana'antu. Waɗannan dole a tare su a harabar masana'anta kafin su fito, kuma a nan ne biya gwargwadon ƙazanta yake nuna amfaninsa, domin ranar da mai masana'anta ya ga tacewa a gida ta fi kuɗin ƙungiya araha, ba sai an aika masa jami'i ba.

Wahalar wannan zaɓi tana cikin shekarun farko. Kafin a yanka wa kowa kuɗi sai an auna ruwan Getsi a inda yake haɗuwa da Jakara, da na kwatar mahauta, da na kowane babban lambatu, rani da damina, kuma duk wanda aka ce nasa ya fi yawa zai yi gardama. Saboda haka zan ba da shawarar a fara da yarjejeniyar motocin kwasa a shekarar farko, domin shugabannin su saba da biyan juna kuɗi da duba littafin juna, a yi amfani da wannan lokaci wajen aune-aune da rubuta daftarin doka.

Akwai kuma mutanen da babu gurbinsu a tsarin Jamus ko na Amurka amma dole a yi musu a namu, su ne masu lambu. Da rani kusan duk abin da ke gudu a Jakara ruwan gari ne, kuma a kansa lambunan gefen rafi suke rayuwa. Duk shirin da zai karkatar da ruwan zuwa tafki ba tare da ya dawo musu da shi ba zai tarar an fasa bangon magudanar an jefa mesa cikin dare. Ya kamata dokar ta ba ƙungiyoyinsu kujera, a kuma zaɓi wurin tafkunan ta yadda tataccen ruwan zai fito a saman gonakinsu ya gangaro musu da kansa, su huta da sayen man inji.